Yaya yaro ke gane kalmar da ba a fassara masa ba?

Uwar ƴan biyu, Birni:
Malamai, barkanku da warhaka. Ɗan shekara uku yana tsintar kalma ba wanda ya fassara masa, amma ɗan aji shida ya ci karo da baƙuwar kalma a littafin Faransanci sai ya tsaya cak. Me ke kawo haka?

Malamin lakwal, Zango:
Hajiya, ƙaramin yana ganin abin da idonsa. Ajiye kwano da ludayi ki ce "miƙo ludayin". Ya riga ya san kwano, sai ya ba ɗayan sabon sunan. Yana kuma bin inda kike kallo. A takarda kuwa, jimla ce kawai madogarar ɗan aji shidan.

Mai koyar da karatun manya, Garin Malam:
Haka ne, Malam. Kuma sai mai karatu ya san kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya fahimci rubutu ba taimako. Baƙin kalmomi uku a layi guda, littafin ya fi ƙarfinsa, a sauya masa. In ɗaya ce, ya karanta har ƙarshen jimla, ya duba suna ce ko aikatau, ya sa abin da yake zato a gurbinta, ya ji ko ta zauna.

Malamin lakwal, Zango:
Akwai kuma tarkon kamar sauti, wato a ba baƙuwar kalma ma'anar wata da suka yi kama a sauti. Kada a yarda da cankar farko sai kalmar ta sake fitowa a wata jimla dabam.