In karɓe wayar ƙanena ko in bar masa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kasuwanci a Garwa, ni nake riƙe da ƙanena da ke shekara ta biyu a jami'a, yana zaune a Dang, kusa da Ngaundere. Rajista sefa 50,000, ga hayar ɗaki, ga cefane, duk a wuyana. Sakamako ya fito, darussa da dama bai kai 10 cikin 20 ba, sai rataraj, wato sake rubuta jarrabawar. Amma ko ƙarfe biyu na dare ka leƙa WhatsApp, idonsa biyu, yana ta turo wa yaran gida bidiyon TikTok. Baba ya ce in karɓe wayar, in saya masa mai maɓalli. Me kuka gani?

Wani ɗalibi, Marwa: Wa alaikumus salam Yaya. Don Allah kar ka karɓe. Canjin lokacin darasi, ranar gwaji, takardun malamai, duk ta zauren aji na WhatsApp delege, wato wakilin aji, yake turowa. Wanda ba ya ciki sai ya zo amfi, wato ɗakin lacca, ya tarar an tashi, kuma makin gwajin nan yana shiga sakamakon ƙarshe.

Wata uwa: Kullum hujjarku ke nan! Sanarwar delege ce ake karantawa har asuba?

Malamin lise (sakandare): Hajiya ta faɗi gaskiya, yaron ma bai yi ƙarya ba. Alhaji, barcin ne abin dubawa. Wanda ya kwana yana kallon bidiyo, darasin safe ko dai ya wuce shi, ko ya zauna yana gyangyaɗi. In ƙanenka ya zo hutu ku zauna, ya buɗe maka saitin wayar, akwai wurin da ke nuna awa nawa kowace manhaja take ci a rana. Shi kansa zai ji kunya. Kuɗin data kuma ka daina haɗawa da na abinci, ka riƙa saka masa daidai na karatu.

Daga Njamena: A nan Cadi an toshe Facebook da WhatsApp daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Samari VPN suka koma, manhajar kewaye toshiyar, kuɗin data ya ƙaru. Ka karɓe wayar yau, gobe ya ari ta abokin ɗakinsa.

Mai tambaya: Na gode, Malam. To Baba fa, wa zai fahimtar min da shi?