Ina son yin ɗan filin golf na atisaye a bayan gida, ciyawar gaske ko ta roba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah waɗanda suka sani su taimaka min da shawara. Shekara biyu kenan da na fara buga golf, dogon bugu Alhamdulillah yana tafiya, amma da zarar ƙwallo ta hau girin, wato lallausar ciyawar nan da ke kewaye da rami, sai komai ya kwance min, bugu uku wani lokacin har huɗu kafin ta faɗa rami, abin yana damuna ba kaɗan ba. Akwai fili a bayan gidana kamar mita 6 tsawo mita 4 faɗi, shine nake so in mayar da shi ɗan ƙaramin girin in riƙa atisaye kullum ko da na minti 20 ne. Sai dai wajen yana riƙe ruwa in anyi ruwan sama, kuma akwai bishiya a gefe da take yi masa inuwa kusan rabin yini. Shuka zan yi ko ta roba zan shimfiɗa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam tunda ka ambaci inuwa ni dai ka cire ciyawar gaske a ranka. Ciyawar girin ba irin ta tsakar gida bace, inda ake sanyi bentgiras ake shukawa, inda ake zafi kuma bamuda, kuma bamuda ba ta shiri da inuwa ko kaɗan, rana take so ta awa 6 zuwa 8 ko fiye. Sannan ana aske ta ne ƙasa ƙasa kamar milimita 3 zuwa 4, kusan kullum, da injin nan mai wuƙaƙe masu juyawa kamar ganga, injin yankan ciyawa na gida ba zai iya ba sai dai ya kwashe mata kai. Ga ban ruwa ga taki ga maganin cuta ga barbaɗa yashi lokaci lokaci. Ni na gwada, wata huɗu na yi ina fama, tafiyar sati biyu kawai na yi na dawo na tarar wajen ya zama tabo tabo.

Amsa ta 2: Yallabai aikina kenan shimfiɗa ciyawar roba, kuma abin da zan faɗa maka shine kar ka ɓata lokaci wajen zaɓen kafet, abin da ke ƙarƙashinsa shine aikin. Kafet ba ya ɓoye komai, duk wani ɗan tudu ko lotsawa da ka bari ƙwallo sai ta nuna maka shi.

Kafin a sa diga ka tabbatar ba bututun ruwa ko wayar lantarki a ƙasan wajen. Sai a kwashe ƙasar sama kamar santimita 10 zuwa 15 har da saiwoyi, tunda kace ruwa na kwanciya toh a haƙa ɗan lambatu a sa fayif mai huji huji a lulluɓe shi da tsakuwa ya fitar da ruwan can nesa da ginin gida, in ba haka ba duk abin da ka ɗora a kai sai ya motsa. Bayan nan a shimfiɗa yadin nan da ke hana ciyawa tsirowa, a zuba fasasshen dutse, ba a lokaci ɗaya ba, kaɗan kaɗan ana yayyafa ruwa ana bi da injin daddaɓe ƙasa, daga sama kuma garin dutse mai laushi a share shi sumul. Anan mutane ke gajiya su yi sauri, anan kuma aiki ke lalacewa.

Kofin rami, wanda ƙwallo ke faɗawa ciki, ana kafa shi ne da siminti tun kafin kafet ya hau, bakinsa ya ɗan yi ƙasa da saman kafet. Faɗin rami a dokar wasa inci 4 da kwata ne, wato milimita 108, zurfi aƙalla inci 4, kar ka yarda a faɗaɗa maka shi don zaka saba da abin da babu shi a fili. In kafet ɗin gida biyu za a haɗa, gashinsa ya kalli gefe ɗaya.

Amsa ta 3: Ƙari akan maganar oga, gangara kar ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato santimita 1 ko 2 a kowace mita. Ya isa ruwa ya wuce, ya isa ƙwallo ta lanƙwasa. In tayi yawa ƙwallo ba zata tsaya kusa da rami ba. Kuma ka bar gefe ɗaya a miƙe saboda gajeren bugu na mita 1 zuwa 2, shi yafi cin mutane.

Amsa ta 4: Ni kam ban goyi bayan roba ɗari bisa ɗari ba gaskiya. Da tsakar rana tana ɗaukar zafi sosai har ba ka iya taka ta ba takalmi, in da yara a gidan a kula. Kuma ba wai ba ta son kulawa bane, ganyen bishiyar nan kullum sai ka share, saiwarta ma tana iya ɗago shimfiɗar nan gaba. A ja da baya daga gindinta.

Amsa ta 5: Ɗan uwa ka tambayi saurin girin ɗin da kake wasa a kai kafin ka saya. Akwai abin aunawa, Stimpmeter, wani Edward Stimpson ya ƙirƙiro shi a 1935, ɗan dogon ƙarfe ne mai kwari ana sako ƙwallo ta gangaro sai a auna ƙafa nawa ta yi. Filayen yau da kullum suna kaiwa 8 zuwa 10, na manyan gasa 12 ko sama. In naka na gida yafi na filinku gudu sosai toh hannunka zai saba da bugu mai taushi kaje can duk ƙwallayenka su riƙa tsayawa a hanya. Yawan yashin da aka cusa cikin gashin kafet da yadda aka danne shi yana canja saurin, don haka a zuba a hankali ana gwadawa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, na gamsu. Roba zan yi, zan matsa daga bishiyar ko da filin zai ragu zuwa mita 5, rami biyu sun ishe ni. Zan fara da lambatun in jira ayi ruwa ko sau ɗaya in ga yadda ya wuce kafin in zuba dutse. Oga mai shimfiɗa, in na kai wajen kafa kofi zan sake neman ka don Allah.