Wai duk gado suka ci

Baban Walid: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wallahi raina a ɓace yake. Wata uku ina zarya gidan wani yayana a Hanwa kan ya ranta min naira dubu ɗari takwas in ƙaro keken ɗinki a shagona na Tudun Wada kafin sallah. Jiya da dare ina jiran alat, sai ga bidiyo ya turo min, wai Jeff Bezos a garejin mota ya fara Amazon, in yi koyi da shi. Na je na bincika. E, a gareji ya fara a 1994, yana sayar da littattafai ta intanet, amma iyayensa sun zuba masa kusan dala dubu 250. Wannan ba a sa shi a bidiyon ba. A daina raina mana hankali. Duk masu kuɗin duniyar nan gado suka ci, babu wanda ya taso daga ƙasa.

Malam na Gyallesu: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, amma gyara kalmarka. Gado shi ne abin da mamaci ya bari aka raba wa magada. Iyayen mutumin nan da ransu suka ba shi kuɗin, hannun jari suka saya. Ba a cin gadon mai rai.

Baban Walid: Allah ya gafarta Malam, ai ka gane nufina.

Malam na Gyallesu: Na gane, amma kalma ce ta shari'a, ayoyinta na nan cikin Suratun Nisa'i. Ba a wasa da ita.

Ɗan Kwari: Ni dai na san inda aka dosa. Ana ta zagaye-zagaye ne don a zo kan Alhaji Aliko. To ku sani shi ba gado ya ci ba, rance aka ba shi a 1977 kuma ya biya. Maraya ne ma, mahaifinsa ya rasu yana ɗan yaro.

Maman Ikram: Wa ya ambaci Dangote a nan? Kai da an taɓa mai kuɗi sai ka zabura kamar kai ne ɗan fari.

Baban Walid: Tunda ka kawo shi, maraya a wane gida? Gidan Alhaji Sanusi Dantata fa ya tashi. Irin wannan maraicin ni ma da an ba ni da ban yi zarya Hanwa ba.

Ɗan Kwari: Subhanallah, kana yi wa kanka fatan maraici saboda keken ɗinki?

Injiniya Samaru: Ku bari a yi magana da lissafi. Rancen da ake faɗa naira dubu ɗari biyar ne, kuma a 1977 naira ta fi dala daraja. Ku auna da kanku. Sannan mahaifiyarsa jikar Alhassan Dantata ce, mutumin Bebeji da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, da jirgin ƙasa ya iso Kano kuma ya zama babban mai sayen gyaɗa. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a gaban attajiran Afirka ta Yamma. Wanda ya tashi a wannan gida ya san farashin kaya tun kafin ya san karatu.

Ɗan Kwari: Madalla, ka ce da bakinka rance ne. Kawunsa ya ba shi.

Injiniya Samaru: Ni kakansa na sani.

Ɗan Kwari: Kawu ne. Ni ɗan Kano ne, kada ka koya min gidanmu.

Injiniya Samaru: Gidanku? Yaushe Ƙoƙi ta zama gidanku, kai da shekara ashirin kana Sabon Gari kana auna yadi?

Maman Ikram: Kawu ko kaka, duk hannu ɗaya ne ya miƙo. Baban Walid, da ka ce gata tun farko da ba a kai nan ba. Bill Gates ai ba gadon kowa ya ci ba lokacin da suka kafa Microsoft da Paul Allen a 1975. Amma ubansa babban lauya ne, makarantar da aka sa shi ta 'ya'yan masu hali ce, suna taɓa kwamfuta tun 1968, lokacin da jami'o'i da yawa ma ba su gan ta ba. Mahaifiyarsa kuma kwamitin wata ƙungiyar agaji ɗaya suke zama da shugaban IBM, kamfanin da ya ba su kwangilar da ta ɗaga su a 1980. Ba na cewa yaron bai da ƙwaƙwalwa. Amma da a Tukur-Tukur aka haife shi da yanzu yana gyaran waya a PZ.

Ɗan Tukur: Aunty me Tukur-Tukur ta yi miki? Ki janye.

Maman Ikram: Misali na ba da, ƙanena.

Ɗan Tukur: Ki ba da misali da unguwarku.

Malam na Gyallesu: Gata ma ba daidai ba ne. Arziki rabo ne. Nawa ne 'ya'yan gata a garin nan da aka bar musu gidaje da gonaki suka sayar suka cinye?

Baban Walid: Malam ɗazu ka ce kada in ce gado, yanzu kai ne ka kawo waɗanda aka bar wa gidaje.

Malam na Gyallesu: Waɗannan iyayensu sun rasu. Ka ga bambancin.

Dokta Kongo: Na shigo a makare. Kalmar da ta kashe maganar Baban Walid ba gado ba ce, "duk" ce. Larry Ellison fa? Uwarsa ta miƙa shi ga danginta a Chicago yana jariri, ya shiga jami'a sau biyu bai gama ba, a 1977 suka haɗa dala dubu biyu su uku suka kafa kamfanin manhajar kwamfuta da ya zama Oracle. Ina gadon? Mutum ɗaya ya isa ya rushe "duk".

Injiniya Samaru: Dokta ka ƙarasa mana. Cikin masu sayen manhajarsa na farko akwai hukumar leƙen asirin Amurka, CIA. Abin da kowa ke tsallakewa ke nan, hannun gwamnati. Elon Musk ya samu dala miliyan 22 da aka sayar da kamfaninsu na intanet Zip2 a 1999, ya ƙara da na PayPal a 2002, babu musu. Amma a ƙarshen 2008 yana gab da durƙushewa NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta ba kamfaninsa SpaceX kwangilar dala biliyan 1.6 ta kai kaya tashar sararin samaniya. A 2010 gwamnatin Amurka ta ranta wa Tesla, kamfaninsa na motocin lantarki, dala miliyan 465. A nan gida ma, siminti bai zama abin da ya zama ba sai da gwamnatin Obasanjo ta fito da tsari a 2002 cewa lasisin shigo da shi sai ga wanda zai gina masana'anta a cikin ƙasa.

Ɗan Kwari: To shi kaɗai aka yi wa dokar? Wa ya hana wani ya je ya gina masana'antar simintin Obajana? Matatar man Lekki mai tace ganga dubu 650 a rana ita ma Obasanjo ya gina? Ga Abdussamad na BUA, shi ma namu ne. Ku Zage-zagi ku nuna min naku guda ɗaya. Sai dogon Turanci da takardu a hammata.

Dokta Kongo: Takardun nan su ne ke riƙe muku lissafi. Je ka ƙirga 'yan ABU da ke manyan kujeru a kamfanonin da kake taƙama da su.

Ɗan Kwari: Wato ma'aikatanmu.

Ɗan Tukur: A cire mutumin nan daga zauren nan. A garinmu yake cin abinci yana zaginmu.

Maman Ikram: Wasan Kanawa da Zage-zagi ne, kai ma ka cika zafi. Kuma Abdussamad ɗin ai ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u ne, ka ƙara wa Baban Walid hujja ba ka sani ba.

Baban Walid: Na gode Maman Ikram. Gado dai.

Malam na Gyallesu: Khalifa a 2018 ya rasu, BUA kuwa tun 1988. Shekara talatin tsakani. Gadon wa?

Hajiya Mai Atamfa: Tunda ana maganar rance da biya, Baban Walid zubin adashenka na wata biyu yana nan ban gani ba. Wataƙila yayan naka ya ji labari ne.

Baban Walid: Haba Hajiya, a bainar jama'a? Ai kina da lambata.

Hajiya Mai Atamfa: Lambar da ba a ɗagawa.

Ɗan Kwari: Allahu akbar. Alhaji Aliko dai ya biya nasa.

Baban Walid: Kai kuma ɗinkin yaranka na sallar bara wa ya biya?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta komai daga sama, ga abin da aka cimma. An tabbatar cewa Alhaji Aliko bai ci gadon kowa ba, rance ya karɓa ya biya, ya yi haƙuri Allah ya ɗaga shi, kuma Malam ya kawo aya. Dokta ma ya nuna ko a Turai ana tasowa daga babu. Maganar Injiniya ta gwamnati siyasa ce, kun san dokar zauren nan. Baban Walid ya janye kalmarsa, ya je ya ga Hajiya. Masu tambayar siminti kuma mota ta sauke da safen nan a shagona na Kwangila, a same ni ta gefe.

Injiniya Samaru: Ranka ya daɗe, Amurka Dokta ya ce, ba Turai ba. Kuma Malam bai kawo aya ba, sunan sura ya faɗa.

Baban Walid: Ni yaushe na janye?

Shugaban Zaure: Na rufe zaure sai bayan la'asar.