"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": mene ne ruwan cikin?

Malam Sani, Agege:
Salamu alaikum jama'a. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke nan Legas suna tara kuɗi su aika gida a haƙa rijiyar burtsatse. Ba a jima ba sai famfo ya tsaya, mata da yara su koma rafi. Dattawa kan ce ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwan cikin nan kuɗi ne ko ƙarfi?

Alhaji Garba, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Asalinta ƙarfi ne, wanda ƙishi ya galabaitar ba ya iya jan guga. A kasuwa kuma jari ake nufi. Idan mutanen gari ba su sa ko sisi a aikin ba, famfon 'yan Legas za su kira shi, ranar da ya lalace kuma 'yan Legas za su jira.

Hajiya Rabi, Idi-Araba:
Alhaji, a yi haƙuri, ni ina tsoron yadda ake jefa wa talaka wannan magana, kamar ana ce masa sai ka samu za a ba ka. Ruwan ciki ba yawa ake nufi ba, a ce dai akwai shi. Dubi Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991. Mata 15 zuwa 25 suna zubi kowane mako a akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, mai ajiye akwatin ba ta da makulli. Ba a buɗewa sai a gaban kowa. Zubin ƙanƙani ne, amma ba ya yankewa, shi ya sa tsarin ya bazu.

Injiniya Bello, Obalende:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma famfon kansa ma shaida ne. A can ƙasan bututu akwai bawul da ke riƙe ruwa kada ya koma rijiya. In robarsa ta cinye, ruwan cikin bututu ya tsiyaye da dare, da safe yara su yi ta buga hannu kafin ɗigo ya fito. Wannan bugun banza shi ke cinye boris ɗin hannu, hannu ya fara lilo, sandunan da ke haɗa hannu da ƙasan famfo su riƙa gogar bututu har su huda shi. Gyaran roba ɗaya ya koma na bututu.
Irin famfon ma a duba tun kafin a saka. Afridev ana zaro sandunansa da robobin ba tare da an ciro bututu ba, matasa biyu da aka koya wa sun isa. India Mark II kuwa sai an ɗago bututan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kowanne mita 3, da makaniki da kayan aiki. Don haka a sayi robobi da boris na ajiya ranar da aka kafa famfo, a sa kuɗin jarka ko na gida-gida duk wata. Wanda ba shi da kuɗi a karɓi kwanon hatsi da kaka.

Alhaji Garba:
To Injiniya, ga 'yar uwar waccan karin maganar: rijiya ta bayar, guga ya hana. Ana tarawa, amma kuɗin na aljihun mutum ɗaya, in ka tambaya a ce ka raina babba.

Hajiya Rabi:
Maganinsa kwaɗo ukun nan, Alhaji. A sa mace cikin masu makulli, tunda su ke fara sanin ruwa ya ragu. A karanta lissafi a ƙofar mai unguwa duk ƙarshen wata. Mu na nan kuma kada a tura kuɗin babban gyara sai an ga hoton littafin zubi da rasit a WhatsApp.

Malam Sani:
Injiniya, sau nawa ya kamata a buɗe Afridev ɗin a duba?

Injiniya Bello:
Duk wata uku a duba boris da notuna, robobin kuma a canza su aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin rani ya tsananta.