Ƙosai da kunu a matsayin abincin dare, ba ƙwai ba madara

Uwargida, Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Baƙo ne zai ci abincin dare da iyalina, ba ya cin nama, ƙwai ko madara. Ƙosai zai tashi ba ƙwai?

Hajiya, Argungu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai ƙosai bugu yake so, ba ƙwai ba. Wake gwangwani 4, ki surfe ki wanke, a markaɗa da albasa 1, attaruhu 3 da ruwa kaɗan. Ki buga da muciya kamar minti 10 har ƙullun ya yi fari ya kumburo. Gishiri sai za ki fara suya, in kin sa da wuri ƙullun zai saki. In ya yi ruwa kuwa, mai zai sha ya baje.

Inna, Talatar Mafara: Ki haɗa da kunun gyaɗa, 'yata. Ruwan tsamiya sai kin sauke, in ba haka ba ya tsinke.

Hajiya, Argungu: Gaskiyar Inna. In da miya, daddawa za ki sa, don wani dunƙulen magin akwai kaza ciki.