Neman digirin dokta a ilimin ƙwayoyin gado: abin da muka tsinta

Jiya a Yamai, kan shayi, muka zanta da wasu ɗalibai. Baki ya zo ɗaya kan Ingilishi: cibiyar binciken cututtuka ta WACCBIP tana Jami'ar Gana, takwararta ACEGID tana Ede a Najeriya, Faransanci kaɗai ba ya kai mutum can. Wata ƙanwarmu ta ce a kama R, manhajar nazarin bayanai, da ƙididdiga tun yanzu. Ita da dare take koyo, kwamfuta bisa cinya, in wuta ta dawo. Shawarar da ta fi kama ni: ka tafi da tambayar gida, kamar yadda gadon sikila daga mahaifi ɗaya ke rage tsananin zazzaɓin cizon sauro. Kafin ka rubuta wa malami, karanta bincikensa tukuna. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES ma ga ta nan kusa a Yamai, a leƙa.