Ƙanena yana hannun hukuma a Makka, ku ba ni shawara

Umman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana tara ban runtsa ba. Ƙanena ne, ni na raine shi tun rasuwar Inna. A unguwar Hindawiyya muke, da sayar da tuwo nake biyan haya, har keken ɗinki na saya masa. Shekara huɗu yana fama da ciwon taɓin hankali, yana jin muryoyi. Daren Laraba ciwon ya tashi, ya bugi maƙwabcinmu da ƙarfe, rai ya yi halinsa. Yaron siriri ne kamar sillen kara, amma maza huɗu suka kasa danne shi. Yanzu dangin mamaci sun ce wannan ƙarfin na shabu ne, wato kayan maye, ƙisasi suke so. Ƙarfin nan zai cece shi ko zai cuce shi?

Alhajin Misfala: Hajiya, kwantar da hankalinki. Ƙarfin mutum huɗu a jikin mutum ɗaya aikin aljani ne, shekara talatin ina ganin irinsa. An ɗauke alƙalami daga mahaukaci, hadisi ne. Ba ƙisasi, diyya ce a kan dangi, riyal 300,000. Ku fara karo-karo yau.

Mai Jinya: Baba, alƙali ba ya auna hauka da ƙarfi. Wanda ya yi imani za a kashe shi, tsoro na sa jikinsa ya saki sinadarin adirenalin, ba ya jin zafi, ba ya rage hannu don tausayi. Shabu da ƙwayar kaftagon ma suna sa haka. Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, kan tura mutum kwamitin likitocin ƙwaƙwalwa, irin na asibitin Shihar a Ɗa'if, su duba halinsa a lokacin da abin ya faru. Yaya, ina takardun asibitinsa? Yana shan magani?

Umman Biyu: Mun dakatar wata biyar, muka koma ruƙiyya. Maganin na sa shi barci yana dalalar da yawu, ba ya iya ɗinki. Kuma iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, in kai shi a kama shi?

'Yar Karantina: Mijina ma mai wannan ciwo ne, bai taɓa marin ko yaro ba, amma maƙwabta sun hana 'ya'yansu shiga gidana. Yanzu da wannan labari sai sun kore mu daga unguwa.

Alhajin Misfala: Ruƙiyya ba ta yi laifi ba. Ku bar zancen takarda, ku tura dattawa gidan mamaci neman afuwa.

Mai Jinya: A tura, Baba, amma tsofaffin takardun nan su ne shaidarsa. Yaya, nemi lauya, ki sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda.

Abu Sadik: Marayu uku mamacin ya bari, ba wanda ya ambace su.

Umman Biyu: Wallahi da su nake kwana a raina. Amma kada ku ce ni na jawo, ba ku ga yadda maganin ya mai da shi ba. Takardun kuwa sun ɓace tun da muka tashi daga tsohon gida. Baba, wane dattijo zan fara nema?